Amsoshin Tambayoyinku: Mu Biyar Ne, Ba Mu da Jari, Za Mu Iya Haɗa Fim Ɗin Katun?

TAMBAYA

Mu biyar ne, tun muna sakandare muke zane tare. Yanzu karatu da neman abinci sun raba mu: mu biyu muna Zariya, ɗaya yana Kano, ɗaya yana Jos, 'yar'uwarmu kuma aure ya kai ta Maraɗi. Burinmu mu mayar da tatsuniyar Gizo fim ɗin katun na kamar minti ashirin da Hausa, domin ƙannenmu da 'ya'yanmu su ga nasu a waya. Kuɗin manhajojin da ake wannan aiki da su ya fi ƙarfinmu. Wani ya ce mana akwai na kyauta, har ma wai akwai masu yin fim su saki duk kayan haɗinsa kowa ya ɗauka. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta ina za mu fara, ga shi ba gari ɗaya muke ba? Sannan in muka saki namu a buɗe, ba mun sha wahala wani ya ci riba ke nan ba?

Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

AMSA

Wanda ya ba ku labarin nan bai yi ƙarya ba, ko gishiri bai ƙara ba. Akwai manhajojin kyauta da ake yin katun da su, kuma ba tarkacen da manya suka yar ba ne. A watan Maris na 2025 wani fim mai suna Flow, na wani matashin darakta ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, ya lashe kyautar Oscar ta zane mai motsi, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka. Labarin wata kyanwa ce da ambaliya ta raba da gida, babu magana ko kalma ɗaya a cikinsa, kuma da Blender aka yi shi, manhajar da kai ma za ka iya saukewa yau ba ka biya ko sisi ba. Saboda haka a batun kayan aiki ka kwantar da hankalinka. Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne minti ashirin ɗin nan, da garuruwa huɗu.

Yana da kyau ka san asalin abin, domin akwai darasi a ciki. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙirƙiri Blender a shekarun 1990 saboda ayyukan kamfaninsu. Kamfanin da ya kafa daga baya don tallata ta ya karye a 2002, manhajar ta maƙale a hannun waɗanda suka zuba jari. Sai ya roƙi masu amfani da ita su yi karo-karo a fanso ta. Cikin mako bakwai aka tara Yuro 100,000, a watan Oktoba na wannan shekara aka sake ta da lasisin GPL. Ma'anarsa kowa na iya aiki da ita, ya leƙa yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Daga 2005 kuma Gidauniyar Blender ta ɓullo da wata dabara: in ana so manhaja ta nuna, a yi fim na gaske da ita, a zaunar da masu zane da masu rubuta manhajar a ɗaki ɗaya. Mai zane ya ce abu kaza ya gagara, na kusa da shi ya gyara masa. Haka aka samu Elephants Dream a 2006, wanda Bassam Kurdali ya ba da umarni, sai Big Buck Bunny a 2008, fim ɗin wani ƙaton zomo da ya tilasta aka inganta yadda manhajar ke fitar da gashin dabbobi. Sintel ya biyo baya a 2010, Tears of Steel a 2012, har zuwa Spring a 2019 da Sprite Fright a 2021. Na farko-farkon, wani ɓangare na kuɗinsu ya fito ne daga sayar da faifan DVD tun kafin a gama fim ɗin. Da aka gama kuma, aka saki fim ɗin da fayil-fayil ɗin haɗinsa, kowa ya buɗe ya ga yadda aka ƙera zomon nan tun daga ƙashi har gashi.

Ga kuma abin da masu ba da labarin suka cika tsallakewa. Ba a yi waɗannan finafinai kowa yana garinsu yana taɓa aiki in ya samu sarari ba. An gayyato ƙwararru kaɗan zuwa Amsterdam, aka ɗauki nauyinsu, suka zauna wuri guda ba su da wani aiki sai wannan, ƙarƙashin darakta ɗaya. Duk da haka Elephants Dream mai minti 11 ya ci musu kusan wata bakwai, Big Buck Bunny mai minti 10 ma kusan haka, Sintel mai minti 15 ya lashe kusan shekara. Waɗanda suka fi kama da ku su ne mutanen Morevna Project, ƙungiyar da Konstantin Dmitriev ke jagoranta daga Gorno-Altaysk a Saiberiya ta ƙasar Rasha. Su ma tatsuniyar ƙasarsu suka ɗauka, su ma da manhajojin kyauta zalla, da 'yan sa-kai a warwatse. Sai da suka yi shekaru kafin su fitar da gwaji na 'yan mintoci a 2012. Sun daure, kuma suna nan suna aiki har yanzu, amma ka dubi tsawon lokacin.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato hoto 1,440 a minti guda. Masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya tsaya na hoto biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti. Minti ashirin ya kama zane 14,400. A ce kowannenku yana gama zane goma tsaf a kullum, ba ciwo, ba jarrabawa, ba biki, ba ɗauke wuta, za ku yi kwana 288, kuma ba a yi maganar launi, zanen wurare da sauti ba. Wannan lissafin ne ke kashe irin wannan buri a wata na uku, lokacin da ɗoki ya sauka, aiki kuma bai ko kai rubu'i ba. Shawarata, kuma ina faɗarta da ƙarfi: fim ɗinku na farko kada ya wuce minti ɗaya da rabi.

Kada ka ga kamar na raina muku. Mutumin da ake kira uban zane mai motsi a wannan yanki namu, Moustapha Alassane na Nijar, da gajeru ya yi suna. An haife shi a 1942, ya yi aiki da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilimi a hukumar finafinan ƙasar inda mai zane mai motsi Norman McLaren yake. Ya fitar da La Mort de Gandji a 1965, sannan Bon Voyage Sim a 1966, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, fim ɗin da bai wuce minti biyar ba. Da hannu ya zana shi, babu kwamfuta, kuma har yau ana nuna shi a bukukuwan finafinai. Ya yi zamansa a Tawa yana ta aiki har rasuwarsa a 2015. Ku nemi wannan fim ku kalla tare. Layukansa 'yan kaɗan ne, motsinsa mai sauƙi, amma ba za ka manta kwaɗin nan ba. Ni a ganina ya fi dacewa ya zama malaminku na farko a kan duk abin da za ku gani daga Amurka ko Japan.

Don haka ku yanki wayo ɗaya tak daga cikin wayon Gizo. 'Yan wasa uku sun isa, a ce Gizo da Ƙoƙi da Kura. Wuri biyu sun isa. Duk ɗan wasan da kuka ƙara sai an zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, kuma sai hannu biyar sun koyi zana shi iri ɗaya.

Kayan aiki ba su da wuyar zaɓi in kun duba kwamfutocin da ke hannunku kafin ku duba abin da ke burge ku. Tunda ku masu zane ne, Krita ce gidanku. An gina ta don zane da fenti, kuma tun fitowar zubinta na 3.0 a 2016 take da sashen motsa zane hoto bayan hoto, inda za ka riƙa hango inuwar zanen baya yayin da kake yin na gaba. Tana aiki a kwamfuta, tana kuma aiki a manyan allunan Android. Wanda kwamfutarsa ta tsufa ya riƙe Pencil2D, ba ta da nauyi, ba ta da ruɗani. Wanda ya fi sakin hannu a takarda ya duba OpenToonz: asalinta ta wani kamfanin Italiya ce, Studio Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da ita, aka sake ta a buɗe a 2016, kuma ta ƙware wajen karɓar zanen takarda da aka ɗauka a na'ura a tsabtace shi a sa masa launi. Akwai kuma hanyar rage yawan zane, wadda nake ganin ita za ta cece ku. A zana ɗan wasa sau ɗaya, a yanka shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, a sa masa ƙasusuwa a riƙa juya su. Synfig, wadda aka buɗe tun 2005, don wannan aka yi ta. Blender ma tana yi, tana kuma da alƙalamin zane na Grease Pencil da aka gwada da ɗan fim ɗin Hero a 2018, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi, aƙalla mai ma'adanar aiki gigabait 8, kuma koyonta na cin lokaci. In babu wanda ya riga ya iya ta a cikinku, ku ajiye ta sai fim na biyu. Sauti a gyara shi da Audacity, a harhaɗa fim da Kdenlive ko Shotcut. Abu ɗaya da ba a sassautawa: duk ku sauke zubi ɗaya na kowace manhaja, kada wani ya sabunta tasa sai an gama fim. Fayil ɗin da aka ajiye da sabon zubi sau da yawa ba ya buɗuwa daidai a tsoho.

Na san akwai masu cewa me zai hana a sayi faifan manhajar sata a kasuwa. Ban da haramcin abin, tana ɗauke da cuta sau da yawa, kuma ba yadda za a yi ka ce ka saki aikinka a buɗe alhali sai da kayan sata ake buɗe shi.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka karanta sau biyu, wato jerin aikin. Sababbin shiga sukan fara da zana Gizo kyakkyawa, su yi mako biyu suna gardamar launin hularsa. A'a. Farko a rubuta labarin a shafi guda, a karanta shi da ƙarfi ana duba agogo. Na biyu a ɗauki muryoyi, tun kafin a motsa ko layi ɗaya, domin zane ne ke bin murya. Waya mai kyau ta isa, a ɗaki mai katifa da labule wanda ba ya amsa kuwwa, da dare ko bayan asuba lokacin da janaretocin unguwa suka yi shiru. Ku nemi wanda ya iya tsamin bakin Gizo da gaske, domin duk Bahaushen da ya ji tatsuniya a gaban kakarsa da shi yake gane Gizo, kuma yara za su yafe muku karkataccen zane amma ba za su yafe muku Gizo mai magana kamar mai karanta labarai ba. Ku kuma yanke tun yanzu da wane kari za a yi magana. In Ƙoƙi za ta yi Katsinancin Maraɗi, Gizo ya yi Kananci, to ya zama da gangan kuka yi.

Na uku a zana labarin a ƙananan akwatuna, zanen gaggawa, kowane akwati yana nuna inda kyamara take da wanda ke tsaye a ina. Sai a jera akwatunan nan a Kdenlive a kan muryoyin, kowane ya tsaya daidai tsawon da zai ɗauka a fim. Wannan shi masu aikin ke kira animatik, kuma shi ne fim ɗinku a tsirara. Ku nuna wa yara uku ko huɗu da ba su san ku da aikin ba. In ba su yi dariya inda kuka sa ran dariya ba, launi ba zai sa su yi ba. A nan ake yanke abin da bai yi ba, lokacin da yankewar zane ɗaya kawai za ta ci. Bayan an amince da animatik, an rufe ƙofa: ba ƙari, ba sabon tunani, duk wanda dabara ta zo masa ya rubuta ya ajiye wa fim na gaba.

Motsin baki kada ya firgita ku. Siffofin baki shida zuwa tara sun wadatar. Akwai manhajar Papagayo-NG da ke taimakawa wajen jera su a kan murya, amma ba ta san Hausa ba, da kunne za ku yi. Ku lura da wuraren da leɓɓa ke haɗuwa, wato b, ɓ da m, har da f, wadda yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta ta. Ku lura da dogon wasali, a bar bakin a buɗe gwargwadon jansa. In waɗannan sun faɗa daidai, ido zai yarda da sauran.

Sai rabon aiki, wanda a nan zumunci kan yi tsami. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce kowa ya ɗauki fitowa guda ya yi ta daga farko har ƙarshe. Sakamakon shi ne Gizo biyar a fim ɗaya. Gara a raba bisa ga abin da kowa ya fi iyawa: ɗaya ya riƙe siffofin 'yan wasa, ya fitar da takardar da ke nuna tsawonsu, kaurinsu da lambobin launinsu, kowa ya manna ta a gabansa. Ɗaya ya riƙe wurare, gida da daji da bakin rafi. Biyu su motsa. Ɗaya ya riƙe sauti da harhaɗawa. Kuma dole a samu darakta ɗaya wanda in an yi shawara an gama, maganarsa ce ta ƙarshe. Ko aikin gayya, da kowa ke zuwa da fartanyarsa don zumunci, akwai mai gona, shi ke nuna inda za a fara kunya da inda za a tsaya. Ba lallai daraktan ya zama wanda ya fi iya zane ba. Ku zaɓi wanda ya fi ganin labarin a ransa, wanda zai iya ce wa abokinsa a sake wannan ba tare da an ɓata ba. Ku sa rana guda a mako ta haɗuwa a waya, kowa ya nuna abin da ya yi ko da bai gama ba. Wanda ya ɓoye aikinsa sai ya yi kyau, yakan fito da kyakkyawan abin da bai dace da na kowa ba. Ku kuma yi wa juna uzuri tun kafin a buƙace shi: mai jarrabawa da mai jego su faɗa da wuri, a san wanda zai riƙe musu.

Fayil-fayil kuwa, tsari ne kawai. A ba kowane yanki na fim lamba, 010, 020, 030, domin in an buƙaci cusa wani a tsakani a samu gurbi. Kowane gyara a ƙara masa lambar zubi a ƙarshen suna, kada a danne tsohon. Mutum ɗaya ke riƙe da fayil a lokaci guda, kuma a rubuta a takardar da kowa ke gani wane ne ke riƙe da me. Ɗakin aikin Blender yana amfani da Kitsu wajen bin sawun wannan, ita ma buɗaɗɗiya ce, amma ku biyar jadawali ɗaya ya ishe ku. A samu ma'ajiya guda a intanet, Nextcloud ko Syncthing ko ma Google Drive, sannan mutum biyu a garuruwa daban su riƙe kwafi a filash. In za ku tura zane ko murya ta WhatsApp, ku tura a matsayin takarda. In kun tura a matsayin hoto zai matse shi ya rage masa kyau. Don tattalin data, abin dubawa a tura shi ƙarami, manyan fayil sai an amince da aikin.

Wuta kuma kun fi ni sanin halinta. Idan aka zo fitar da hotunan ƙarshe, kada ku umarci kwamfuta ta fitar da bidiyo kai tsaye. Ku sa ta fitar da jerin hotuna na PNG, ɗaya bayan ɗaya. In an ɗauke wuta a hoto na 800, daga na 801 za ku ci gaba, alhali bidiyon da ya katse a tsakiya yawanci ya lalace gaba ɗaya. Haka kuma za ku iya raba aikin, na Kano ya fitar da rabi, na Jos ya fitar da rabi. Ranar da kuka koma Blender, akwai SheepIt, inda masu sa-kai ke ara wa juna ƙarfin kwamfutocinsu kyauta, kai ma kana tara maki in ka ara taka.

To, mu zo ga tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi ci muku tuwo a ƙwarya. Da farko, lasisin manhaja bai shafi abin da ka yi da ita ba. Fim ɗin da kuka yi da Krita ko Blender naku ne ɗungurungum, kuna iya sayarwa, kuna iya kullewa. Sakin sa a buɗe zaɓi ne. Masu zaɓar haka sukan yi amfani da lasisin Creative Commons, waɗanda suka fara fitowa a 2002. Mai alamar BY yana cewa kowa ya ɗauka, ya sauya, har ya sayar, muddin ya ambaci sunanku, kuma shi yawancin finafinan Blender ke ɗauke da shi. Mai alamar BY-SA ya ƙara sharaɗi: duk wanda ya gina wani abu a kan naku, dole ya sake shi da irin wannan lasisi. Akwai mai NC da ke hana kasuwanci, da mai ND da ke hana sauyawa, amma waɗannan biyun Wikimedia Commons ba ta karɓarsu, wato fim ɗinku ba zai shiga Wikipedia ta Hausa ba. Ku sani kuma, lasisin nan in an bayar ba a janyewa daga hannun wanda ya riga ya karɓa.

Shin wani zai ci riba? Zai iya. David Revoy, Bafaranshen da ya jagoranci zane-zanen Sintel, tun 2014 yake fitar da labarin zane mai suna Pepper&Carrot da Krita, a ƙarƙashin BY, kuma masu karatu ne ke tallafa masa da kuɗi. A 2016 kamfanin ɗab'i na Glénat ya buga shi littafi yana sayarwa, abin da lasisin ya halatta masa. Kamfanin ya shiga cikin masu tallafa masa don ra'ayin kansa, amma abin ya jawo muhawara mai zafi a tsakanin masu zane na Faransa, wasu na ganin an buɗe ƙofar cin guminsu a arha. Ta ɗaya ɓangaren, wannan lasisin ne ya sa 'yan sa-kai suka fassara labarin zuwa harsuna masu yawa, ya kuma sa mutanen Morevna suka ɗauki babi guda suka motsa shi. Duka biyun gaskiya ne, kuma ku za ku auna.

Ga nawa ra'ayin. A kasuwanninmu, masu tura finafinai a waya ba sa tambayar lasisi. 'Yan Kannywood sun daɗe suna kuka da wannan. Ko kun kulle ko kun buɗe, in fim ɗin ya yi daɗi zai zaga. Minti ɗaya da rabi kuma ba hajar sayarwa ba ce, shaida ce ta cewa kun iya, kuma ita za ku nuna wa makaranta, ko ƙungiyar wayar da kai kan lafiya, ko ɗan kasuwa mai son talla, su ba ku aikin kuɗi. Don haka ni BY-SA zan zaɓar muku, ku kuma rubuta sunayenku da lasisin a cikin fim ɗin kansa, farko da ƙarshe, yadda duk inda ya je da su zai je. Amma a yi wannan magana yanzu, kafin a ja layin farko, a rubuta a takarda, ku biyar ku sa hannu, masu murya su ma su sa. In akwai muryar yaro, a nemi yardar iyayensa. Mutum ɗaya da ya ce bai yarda ba bayan an gama ya isa ya hana a saki fim ɗin.

Ba za ku iya kyautar da abin da ba naku ba, nan ma a kula. Tatsuniyar Gizo gadon kowa ce, amma yadda wani marubuci ya tsara ta a littafinsa nasa ne. Magana Jari Ce, alal misali, Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar Najeriya kuma tana kare aikin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa, saboda haka ba a ɗiba daga ciki sai da izini. Ku je wurin tsofaffinku ku ji tatsuniyar daga bakinsu, ku tsara taku. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana da tanadi a kan kayan gargajiya in za a yi kasuwanci da su, don haka ranar da kuɗi ya shigo maganar ku tuntuɓi Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Kiɗa ya fi komai haɗari. Nina Paley, Ba'amurkiyar da ta yi Sita Sings the Blues a 2008 kusan ita kaɗai, ta sa tsofaffin waƙoƙin shekarun 1920 a ciki, sai da ta biya kimanin Dala 50,000 kafin ta samu damar sakin fim ɗinta. Kada ku ɗora faifan Shata ko na Ɗanƙwairo don kuna ƙaunarsu. Ku nemi mai kalangu ko mai gurmi ko mai sarewa a unguwarku, ku biya shi haƙƙinsa, ku yi masa bayanin inda kiɗan zai je dalla-dalla, ya yarda a rubuce. Ƙarar tafiya, kukan kaza, buɗe ƙyaure, ku ɗauka da wayarku. Abin da ya gagara ku duba Freesound, kuna karanta lasisin kowane sauti. Rubutun allo kuma a zaɓi harafin da ke da ɓ, ɗ da ƙ, irin Andika ko Noto, waɗanda su ma a buɗe suke.

Ranar saki, ban da YouTube da sauran inda jama'a suke, ku ɗora cikakken kunshin a Internet Archive: fim ɗin, fayil-fayil ɗin zane, takardar siffofin 'yan wasa, animatik, rubutun labari, da 'yar takarda mai bayyana manhajojin da kuka yi aiki da su da zubinsu da sunan wanda ya yi kowane abu. Ku ware muryoyi daban, kiɗa daban, sauran sauti daban, sannan ku fitar da kwafi guda na fim ɗin wanda babu magana a cikinsa sam. Da wannan kwafin ne wani a Yola zai ɗora Fulatanci, wani a Maiduguri ko Diffa ya ɗora Barbarci, wani a Doso ya ɗora Zabarmanci, ba tare da ya sake zana komai ba. Ku haɗa masa da rubutun maganganun da lokacin da kowace ke farawa, domin ya san tsawon da jimlarsa za ta ɗauka.